Gawon da Kyalla ta Shuka

Abin da aka ɗora a faifai ranar nan ba shi da yawa, yatsun hannu ɗaya sun isa lissafa shi: akuya guda mai ciki, 'yan itatuwa ashirin da biyar da ba su wuce gwiwata ba, rani ɗaya da bazararsa, sai kuma jarrabawar satifika, ta fita firamare, da ke jirana a ƙarshen shekara. Ukun farko na gan su sarai, na kuma yi ciniki a kansu iyakar wayona. Na huɗun ban sa shi cikin lissafi ba sai bayan da ya wuce ni.

Ranar Litinin ce, jim kaɗan bayan mai gari ya sa an yi shelar sakin dabbobi, a shekarar da lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, cikin ƙasar Bande, take shirin cika shekara ashirin da biyar da kafuwa. An gama yankan gero, an yi roron wake, rumbuna sun ɗauka, don haka duk mai dabba a turke ya kwance ta ta shiga gonaki ta ci kara da harawar da ta zube. Ni ma na kwance tawa da sassafe na kora ta bayan gari tare da awakin unguwa. Muna cikin aji, Mushe Saidu (Mushe muke ce wa malami da Faransanci), wanda shi ne darakta, wato shugaban lakwal, kuma shi ke riƙe da mu 'yan aji shida, yana rubuta lissafin rabawa a allo, sai muka ji Baba Ɗan Ladi mai gadi yana faɗa a tsakar fili. Ban leƙa ba na san abin da ya faru, domin na ji kukan akuya, kuma cikin garke guda ina gane kukan Kyalla. Ta baro gonaki cike da abinci ta biyo sawuna har lakwal, ta tura kai cikin shingen ƙaya ta cinye kawunan itatuwa huɗu, ta bar su tsaye kamar tsinken tsire.

Kyalla ba akuyar gida ba ce, tawa ce ni kaɗai. Kakata Iya Gambo ta ba ni ita tana 'yar ƙarama lokacin da na warke daga kaciya, kamar yadda ake yi wa yaro a wajenmu don a ga ko hannunsa yana da albarkar kiwo. Ja ce, da farin tabo a ciki kamar an ɗaura mata zane. Ni nake yanko mata ciyawa da damina, ni nake tsinto mata 'ya'yan gawo da rani, dusa da ruwan tsari kuwa sai na yi kokawa da ƙannena kafin su kai wa awakin inna. 'Ya'yan da ta haifa a baya duk sun tafi a sayen hatsin bazara, amma wannan cikin Baba, mahaifina, ya yi mini alkawari nawa ne, kafin ya tafi cin rani Kano. Ba ni da wani abu a duniya da ake kira nawa sai ita da ɗan allon rubutu mai tsagaggen gefe. Kuma ni yaro ne marar zama. Kaina yana ɗaukar karatu, musamman lissafi, amma jikina ba ya ƙaunar benci. Da na ɗan zauna sai ƙafata ta fara rawa, idona ya koma taga yana bin amalanken shanu da ke wucewa kasuwa, ina ƙiyasta buhu nawa ya ɗauka. Mushe Saidu yakan ce, "Nuhu, tururuwar da ta yi gida a wandonka, yaushe za ta yi ƙaura?"

Itatuwan da Kyalla ta ci ba na banza ba ne, kuma sai an san tarihin lakwal ɗin za a gane. A bakin Baba Ɗan Ladi muka ji shi, domin yana cikin yaran farko da aka rubuta. Ya ce ranar da aka buɗe ta babu ɗaki babu rumfa. Wani ƙaton gawo ne a kan tudu, aka jingina allo a jikinsa, yara suka zauna a yashi suna rubutu da yatsa. Malamin farko a kan doki ya zo daga Magarya, da akwatin alli da bulala. Iyaye kuma ba su ba da 'ya'yan da suke ji da su ba, sai wanda hauya ta fi ƙarfinsa, "irina," in ji shi, yana dariya har a ga giɓinsa. Bayan gawo aka yi rumfar zana da ake sabuntawa duk kaka, sannan ɗakuna biyu na ƙasa, sannan na siminti masu rufin kwano da muka tarar. Gawon nan iska ta kayar da shi tun ba a haife ni ba. Kututturensa kawai muka sani, shi ne shan mu in muna wasan langa. Ƙararrawarmu kuwa janti ce, wato ƙarfen da tayar babbar mota ke zama a kai, an rataye ta a wani gwafa, Baba Ɗan Ladi yana dukanta har a ji a gonakin bayan tafki.

Mushe Saidu baƙo ne a ƙasarmu, daga yamma aka turo shi, dogo, mai son tsari. Ya ƙudurta a yi biki a ƙarshen shekarar karatu, gab da faɗuwar damina, har kumandan na Magarya, mai mulkin yankin, zai zo. Tun cikin daminar da ta wuce ya karɓo dashen dogon yaro wurin ma'aikatan gandun daji, ya sa aka jera su layi biyu daga ƙofar shiga zuwa bakin azuzuwa, kowanne da shingensa na ƙaya, itace ɗaya a madadin shekara ɗaya. Nufinsa baƙi su ratso tsakaninsu, a gindin kowanne yaro ya tsaya ya faɗi abin da ya faru a wannan shekara. An kuma yi shela a kasuwa da ƙofar masallaci cewa duk dabbar da aka kama cikin shingen nan ta zama naman biki. Ga shi Kyalla ta cinye shekara huɗu a tashi ɗaya.

Na fito na tarar Baba Ɗan Ladi ya ɗaure ta a gwafan janti, tana tuƙa hankali kwance. Ban fara da roƙo ba. Na sha zama kusa da dillalai a kara ranar kasuwa, na lura wanda ya fara roƙo shi ake kwara, wanda ya zo da tayi kuwa ana sauraronsa. Na kuma san abin da ke damun darakta, domin ban ruwan an raba shi tsakanin azuzuwa, yara kuma rabin ruwan a hanya suke zubarwa, itatuwan har sun fara yaushi tun sanyi bai shigo ba. Na durƙusa gaban darakta na ce, "Mushe, in an yanka ta, naman yini ɗaya ne. Ka bar mini ban ruwan duka, ni kaɗai, har ranar biki. In an ƙirga ashirin da biyar da ransu, ka ba ni akuyata. In ɗaya ya kasa, a yanka." Ya dubi akuyar. Ya ce, "Abin da ke cikinta fa?" Na ce, "Shi bai ci itace ba, Mushe." Baba Ɗan Ladi ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Darakta ya ce ya yarda, Baba Ɗan Ladi ne shaida, akuya kuma za ta zauna a turke bayan ɗakin gadi a matsayin jingina, abincinta a wuyana. Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Kana da satifika bana." Na ce zan haɗa biyun. Da gaske nake a lokacin.

Lakwal tana kan tudun yashi, rijiya tana can kwari kusa da lambuna. Gwangwani biyu nake ratayawa a sanda in saɓa a kafaɗa, in hau in sauka, kafin a buga janti da kuma bayan an tashi. Yashin nan kuwa ba ya godiya. Ka zuba ruwa, kafin ka juya ya shanye ya bar maka ɗan duhu kamar inda jariri ya yi fitsari. Ga aikin gida bai ragu ba: kai taki gona a mangala, jan kara don gyaran darni, sussukar da inna ke cewa in taya, ga makarantar allo da ba a fashi. Yaran unguwa suna ƙwallon tsumma a fili, suna harbin kurciya da danƙo, ni ina wucewa da gwangwanaye ruwa na zuba a ƙafata, suna kirana Uban Kyalla. Sunan ya bi ni har yau. Huɗun da ta ci sun sake tofo, na ji daɗi, amma da sanyi ya fara ja baya rana ta buɗe ido, na ga ƙarfina ba zai kai bazara ba. Fatar kafaɗata ta saluɓe, ganye kuma sai rawaya yake yi.

Iya Gambo ce ta cece ni, ba da niyya ba. Wata yamma na zube a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, na lura da lallenta da ke bayan ɗaki kore shar alhali ban taɓa ganin tana ba shi ruwa kullum ba. Na tambaye ta. Ta ce, "Maigida, ashe idonka na kallon amalanke ne kawai?" Ta ɗaga wani kasko a gindin lallen, sai ga bakin tulu a binne. Tsohon tulu ne mai tsaga, wanda ya daina riƙe ruwan sha. Takan cika shi ta rufe, shi kuma ya riƙa tsatsa a hankali ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta gani, har kwanaki. Ta ce haka uwarta take yi wa barkono. "Tulun da ya ƙi amfanin mutum, ba wa itace," ta ce, ta ci gaba da murza mazarinta.

Washegari na shiga gari gida gida ina neman fasasshen tulu. Mata suna dariya, wasu suna tambaya ko aure zan yi nake tara kayan ɗaki. Wanda ya tsage kaɗan nake so, ba wanda ya rabe biyu ba, kuma na koyi ƙwanƙwasa shi da yatsa in gane daga amonsa. Da na gari suka ƙare na je wurin masu ginin tukwane, muka shirya in tara musu kashin shanu na gashi su ba ni waɗanda wuta ta tsaga. Saura ɗaukar ruwa. Wani maƙwabcinmu yana da jaki yana kuma turka rago, ni kuwa na san gawon da ya fi zubar da 'ya'ya a duk gonakin arewa da gari, nakan riga kowa isa. Muka yi musaya, kwandon 'ya'yan gawo a bakin aron jaki na yamma ɗaya. Ragowar 'ya'yan gawon Kyalla ce ke ci, kashinta kuma in share daga turke in zuba a gindin itatuwa ya zama taki. Cikin haka ta haifi tagwaye, mace da namiji, na kai su gida da suka yi ƙwari. Ban san sunan abin da nake yi ba a lokacin. Yanzu na san fatauci ne, wannan ya ba ka abin da ya yi masa yawa, ka kai wa wancan da ya rasa, kai kuma ka rayu a tsakani.

Sai dai yini bai ƙaru ba don na sami dabara. Da bazara ta kama, Mushe Saidu ya buɗe karatun yamma don masu jarrabawa, shifta da lissafi da tarihin ƙasa, daidai lokacin da jaki yake hannuna. Ta taga nake jin muryarsa yana karanta shifta, ni ina waje ina cika tuluna. Abokina Isufu, wanda muke benci ɗaya, yakan ba ni littafinsa in kwafa, amma kafin in kai rabin shafi barci ya kwashe ni. A aji da safe jikina yana nan, hankalina yana wurin tulu na goma sha da na ga kamar ya toshe. Wata rana darakta ya tsayar da ni a tsakanin layukan nan biyu, ya nuna mini takardar shiftata ja jawur da gyara. Ya ce, "Nuhu, ka yi abin da ban zata ba. Amma ruwan nan daga kanka kake ɗibarsa. Ka bar akuyar ta tafi, tagwayen naka ne, in mayar da ban ruwa ga 'yan aji biyar, kai ka zo ka zauna. Kana iya cin jarrabawar nan ka tafi kwalejin Magarya." Tayi ne mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Na dubi bayan ɗakin gadi, Kyalla ta miƙe tana jan igiya don ta ji muryata. Na sunkuyar da kai na ce masa mun riga mun yi magana gaban shaida. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Biki saura kamar wata guda, ɗaya daga cikin itatuwan, na ƙarshe a layin gabas, ya fara zubar da ganye. Na ƙara masa ruwa, na zuba toka, na yi masa inuwa da tsohuwar zana. Da na taɓa shi wata safiya sai ya biyo hannuna, gara ta cinye saiwar tas. Na tsaya riƙe da busasshen tsinke ina jin kamar ƙasa ta buɗe. Babu inda zan sami wani dashe a tsakiyar bazara, kuma ko da akwai, Baba Ɗan Ladi ya gani, ni ma ba zan so in ci da ha'inci ba. Na rasa zama na rasa tsayuwa. Abinci ya daina shiga. Duk da haka ban daina cika tulun wannan ramin ba, ban san dalili ba, wataƙila don hannuna ya saba, in na tsallake shi sai in ji kamar na bar raka'a. Bayan 'yan kwanaki na ga wani ɗan tsiro a gefen tulun, ganyensa ƙanana a jere kamar haƙoran matsefi, da 'yar farar ƙaya. Duk ɗan ƙasarmu ya san shi. Gawo ne.

A wajenmu ba a dasa gawo. Ƙwayarsa tauri gare ta, in ka binne ta haka sai ta shekara ba ta motsa ba, sai ta bi ta cikin dabba ta fito sannan take tsira. Shi ya sa manoma ke cewa akuya ce ke shuka gawo, mutum raino kawai yake yi. Kuma wanda ya tarar da shi ya tsiro a gonarsa ba ya sa masa hauya, kewaye shi yake yi, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi inuwa da rani lokacin da kowa ya tuɓe. Ana jajiberin biki aka zo ƙirga. Darakta yana gaba, Baba Ɗan Ladi yana biye, ni ina baya. Da muka kai na ƙarshe Mushe Saidu ya ce, "Ashirin da huɗu." Na ce, "Ga na biyar ɗin nan, Mushe." Ya sunkuya ya ce wannan ai ciyawa ce, ba shi ya dasa ba. Na ce gaskiya ne ba shi ya dasa ba, Kyalla ce, daga takinta ya fito, ta ci itace ta biya da itace. Ya juya ga shaida. Baba Ɗan Ladi ya tsuguna ya daɗe yana kallon tsiron, bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Darakta, a gindin irin wannan aka fara lakwal ɗin nan. In ka ce a tuge shi, ka nemi wani hannun, ba nawa ba." Mushe Saidu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce, "Kwance akuyarka."

Bikin ya yi kyau, ko da yake rabinsa kawai na gani. Mai gari ya ba da rago, mata suka yi dambu da tuwo, makaɗa suka zo daga Waca, muka yi maci da fararen riguna da aka ɗinka don ranar. Kumandan ya ratso tsakanin layukan, yara suna faɗin shekaru da Faransanci ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna gyaɗa kai ba tare da sun ji ko kalma ba. A gindin na ƙarshe ni aka tsayar, kuma sai da baƙon ya sunkuya kafin ya ga abin da nake tsaye a kansa. Ana fara rabon abinci na sulale na ja Kyalla gida ta bayan kasuwa, don ban yarda da mahauta ba sai na ga ta shiga turkenta na da.

Ba a daɗe ba muka tafi Magarya jarrabawa a bayan babbar mota. Lissafi na gama shi kafin kowa. Shifta ce ta kashe ni. Ranar da sakamako ya zo, sunan Isufu yana ciki, nawa babu. Shekaruna sun yi yawa a ce in maimaita, Baba kuma ya dawo daga Kano, ruwa ya sauka, ana neman hannu a gona. Na je mayar da littattafan lakwal na tarar da Mushe Saidu yana gyara shingen ɗan gawon da kansa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Na sami itace, na rasa ɗalibi. Ban ci riba a cinikin nan ba, Nuhu." Shekara biyu bayan haka aka ɗauke shi zuwa wani gari, ban sake ganinsa ba.

Tagwayen nan su ne jarina. Namijin na turka na sayar da shi da babbar salla, na sayi wake a kaka na ajiye har bazara. Macen ta yi ta haihuwa. Kyalla kuwa a turkenta ta tsufa ta mutu, ba wuƙar biki ba. Daga kora awaki a ƙafa zuwa kasuwannin Dungas da Mallawa, na kai ga loda motoci zuwa Maigatari, dabbobi da wake da riɗi. Ba zan yi ƙaryar talauci ba, Allah ya rufa asiri. Rashin zaman da ya hana ni benci shi ya ciyar da ni, har yau ba na kwana uku a gari ɗaya ban ji ƙafata tana ƙaiƙayi ba. Amma duk ranar da aka miƙo mini takardar kwangila da Faransanci a Damagaram, in karanta layi biyu in tsaya in miƙa wa ɗana, nakan ji muryar nan ta taga tana karanta shifta.

Bana lakwal ɗin ta cika shekara saba'in. Isufu, wanda ya yi aikin duba makarantu har ya ajiye, shi ne shugaban tsofaffin ɗalibai. Ya kira ni a waya ya ce, "Uban Kyalla, naman biki a wuyanka yake, ka ga bashin da kuka ci tun muna yara ba a yafe ba." Na ce, "Ci-takarda, ku da kuka yi karatun ai albashinku ya isa." Raguna na kai musu. Akuya ko ɗaya ban yarda a yanka ba.

Da ƙyar na gane wurin. An kewaye shi da katanga, azuzuwa sun yi layi, duk da haka akwai rumfunan zana a gefe don yara sun fi ɗakuna yawa. Ga famfo mai aiki da hasken rana a tsakar fili, yara suna wanke ƙafa ruwa yana malala cikin yashin da na sha wahalarsa. Na tsaya ina kallon ruwan nan har Isufu ya ja hannuna. Dogon yaro tara suka rage, sauran an sare su lokacin gine-gine. Gawon kuwa mutum biyu ba sa rungume shi. A reshensa aka rataye janti, a inuwarsa aka jera kujerun manyan baƙi, yara kuma suka zauna a ƙasa iyakar inda inuwar ta kai. Na kasa zama a kujerar da aka ba ni, na tashi na zagaya shi, na taka daidai inda na san tulun yake binne.

Wata yarinya 'yar aji shida ta fito ta karanta tarihin lakwal, da Faransanci sannan da Hausa, murya tsaf babu rawa. Ta nuna itacen ta ce a gindin wannan gawo ne yaran farko suka zauna suna rubutu a yashi. Aka yi tafi. Na buɗe baki, Isufu ya take mini ƙafa. Ya ce a hankali, "Bar su. Baba Ɗan Ladi ba ya nan balle ya yi maka shaida." Na bar su, don na san hajar da ta karɓu a kasuwa ba a tsayar da ciniki a tona asalinta. Amma gaskiyar ke nan na rubuta a nan: gawon farko iska ta kayar, wannan akuya ce ta shuka shi.

A hanyar komawa na yi ta juya lissafin, kamar yadda nake juya shi shekara da shekaru. Na fitar da akuyata da 'ya'yanta, daga gare su na sami abin da nake ci. Na bar satifika da kwaleji da duk inda za su kai ni, wanda ban sani ba kuma ba zan sani ba. Mushe Saidu ya ce shi bai ci riba ba. Ni da nake yi wa bijimi kuɗi da kallo ɗaya, har yau na kasa cewa na ci ko an ci ni. Waɗanda na tabbata sun ci riba su ne yaran nan da ke zaune a inuwar, kuma ba da su aka yi cinikin ba.